Kafin Ka Rubuta "An Wanke Shi": Yadda Ake Fassara Kalmomin Wanke Laifi Daga Sifaniyanci Da Turanci

Tun ranar 28 ga Maris 2025, da babbar kotun yankin Kataloniya a Sifaniya ta soke hukuncin ɗaurin shekara huɗu da rabi da aka yi wa ɗan ƙwallon Brazil Dani Alves, tambaya ɗaya ke ta dawo mini ta fuskoki daban-daban. Masu fassara labaran wasanni suna son sanin ko su rubuta "an sake shi" ko "an wanke shi". Wasu kuma 'yan'uwansu ne ke ci-rani a Sifaniya, an turo musu hoton takardar kotu ta WhatsApp, sun zuba ta a Google Translate, abin da ya fito ya ƙara rikita su. Hausa tana da wanke, sallama, kora, soke, afuwa, yafiya da gafara, amma bakinmu ya saba da wanke ta yadda duk wanda ya fito daga kotu bai tafi gidan yari ba sai mu ce an wanke shi. Alhali wani sallamarsa kawai aka yi, gobe ma ana iya sake gurfanar da shi. Ga yadda nake bi da irin wannan aiki, daki-daki.

1. Tanadi kayan aiki

Ba su da yawa, kuma galibinsu kyauta ne. Ƙamus ɗin Real Academia Española yana intanet, haka ma ƙamus ɗinsu na kalmomin shari'a mai suna *Diccionario panhispánico del español jurídico*, wanda shi ne ya fi amfani a nan domin yana nuna yadda ma'anar kalma ke sauyawa daga Sifaniya zuwa Meziko ko Ajantina. Dokokin Sifaniya suna shafin BOE, jaridar gwamnati. Hukunce-hukuncen manyan kotuna kuma ana neman su a rumbun CENDOJ, sai dai sukan sauya sunayen mutane, don haka da lambar shari'a ko kwanan wata za ka nema. A ɓangaren Turancin kotunan Najeriya, ka ajiye Kundin Tsarin Mulki na 1999 da dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 a wayarka.

Kuɗin da za ka kashe na data ne kawai, muddin fassarar ta fahimta ce ko ta labari. In takardar za ta shiga wani ofishin gwamnati a Sifaniya, to fassararka ba ta da amfani komai kyanta. Sai ta rantsattsen mai fassara, wanda suke kira *traductor jurado*, da ma'aikatar harkokin wajen ƙasar ta ba wa lasisi. Suna caji ne bisa yawan kalmomi ko shafuka, saboda haka ka nemi farashi a rubuce kafin ka miƙa takarda.

Gargaɗi: kada ka yi aiki da hoton shafi ɗaya. Ka nace a turo maka takardar duka, musamman shafin farko da na ƙarshe.

2. Gano wane ne ya yi maganar

Kafin ka buɗe ƙamus, tambayi kanka daga bakin wa kalmar ta fito. Kotu ce, ko shugaban ƙasa, ko kwamitin bincike, ko fada a coci, ko kuwa ɗan jarida ne ya ƙawata kanun labarinsa? Wannan tambayar ita ke raba rabin rigimar, saboda kalma guda ta Sifaniyanci, *absolver*, tana ɗaukar kayan da Turanci ya raba wa kalmomi biyu. Alƙali a Madrid yana yin *absolver*, fada a cocin Katolika ma yana yin *absolver*. A Turanci kuwa alƙali *acquit* yake yi, *absolve* an fi barin ta ga coci da maganar yau da kullum. Shi ya sa in ka ga fassarar Turanci ta ce kotun Sifaniya ta yi wa mutum *absolution*, ka san mai fassarar ya bi kamannin kalma ne. Abin da ake nufi *acquittal* ne, wato wankewar kotu.

3. Duba irin takardar, sannan ka tsallaka ƙarshenta

A saman takardar kotun Sifaniya za ka ga ɗaya daga cikin kalmomi biyu da manyan baƙaƙe: *sentencia* ko *auto*. *Sentencia* hukunci ne bayan an zauna an saurari shari'a. *Auto* umarni ne da alƙali ke bayarwa a kan hanya, kamar na tsarewa, na ba da beli ko na rufe bincike. Wankewa ta gaskiya a cikin *sentencia* take zuwa. In *auto* ne a hannunka, ka fara shakkar kalmar wanke tun daga nan.

Hukuncin yana da tsari da ba ya canzawa: bayanin yadda ƙarar ta taso, sai *hechos probados* wato abubuwan da kotu ta gamsu sun faru, sai *fundamentos de derecho* wato hujjojin doka, sannan *fallo*. Wannan na ƙarshen shi ne hukuncin kansa, kuma da shi za ka fara karatu ko da yana shafi na 60. A nan za ka ga jimlar da alƙalai suka gada kaka da kakanni: *debemos absolver y absolvemos*, ma'ana ya wajaba mu wanke, kuma mun wanke. Kishiyarta *debemos condenar y condenamos*. In alƙali ɗaya ne zai ce *debo absolver y absuelvo*.

Gargaɗi: fi'ilin yana sauya kama. *Absuelvo*, *absuelve*, *absolvió*, *absuelto* ga namiji, *absuelta* ga mace, duk 'ya'yan *absolver* ne. Wanda ya nemi *absuelto* a ƙamus bai san tushenta ba zai sha wahala.

Gargaɗi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi: karanta *fallo* har ƙarshe, domin mutum ɗaya yana iya samun duka biyun a sakin layi guda. A Fabrairun 2025 kotun Audiencia Nacional ta samu tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙafar Sifaniya, Luis Rubiales, da laifin cin zarafi kan sumbatar 'yar wasa Jenni Hermoso, ta ci shi tara, amma ta wanke shi daga tuhumar tursasawa. Wanda ya rubuta "an wanke Rubiales" ya yi ƙarya, wanda ya ce an same shi da duk laifukan shi ma ya yi ƙarya. A Hausa dole ka ambaci tuhumar: an wanke shi daga kaza, an same shi da laifin kaza.

4. Rarrabe wankewa da rufe ƙara

Nan ne ramin da ya fi cin mutane, don haka zan daɗe a kansa.

Wata rana wani dattijo ya zo mini da wayar jikarsa, fuskarsa cike da fara'a, ya ce ɗansa da ke aikin gona a kudancin Sifaniya kotu ta wanke shi, har an yi sadakar ƙosai. So yake kawai in karanta masa takardar ya ji da kunnensa. Na ja hoton na faɗaɗa shi da yatsu biyu, sai ga *auto* a sama, a ƙasa kuma *se acuerda el sobreseimiento provisional y archivo de las actuaciones*. Na ce, "Baba, sadakarka ba ta faɗi ƙasa ba, yaron nan ba a same shi da laifi ba. Amma ba wanke shi aka yi ba, jingine maganar aka yi." Ya yi shiru, ya gyara hularsa, ya ce, "To jinginewa ai ana iya dawowa a ɗauka." Na ce haka ne. Ya fi ƙamus fahimtar abin.

*Sobreseimiento* dakatar da shari'a ne kafin a kai ga hukunci, kuma dokar shari'ar laifuka ta Sifaniya ta kasa shi biyu. Sashe na 637 ya yi maganar *sobreseimiento libre*: ana yin sa in babu alamar da hankali zai ɗauka cewa abin ya faru, ko ya faru amma ba laifi ba ne a doka, ko kuma wanda ake tuhuma ba ya ɗaukar alhakin laifi. Wannan in ya tabbata ƙarfinsa ɗaya da wankewa, ba a sake tayar da maganar. Sashe na 641 kuma shi ne *sobreseimiento provisional*: ko dai ba a samu isasshiyar hujjar cewa an aikata laifin ba, ko an aikata amma babu hujjar ɗora shi a kan wani takamaimai. Wannan ana iya sake buɗe shi in sabuwar shaida ta ɓullo, matuƙar wa'adin da doka ta ɗiba wa laifin bai ƙare ba.

Ga yadda nake sa su a Hausa. Na farkon: kotu ta rufe ƙarar gaba ɗaya. Na biyun: kotu ta jingine ƙarar saboda ƙarancin hujja. *Archivo* kuwa ajiye fayil ne, kuma 'yan jaridar Sifaniya suna amfani da *archivar* ga duka biyun, saboda haka in ka ga *el juez archiva la causa* a kanun labari, sai ka shiga ciki ka nemo wanne ne. *Prescripción* ita ce ƙarewar wa'adi. In an rufe ƙara saboda ita, ka rubuta cewa lokacin da doka ta ba da na gurfanarwa ya wuce. Ba wanda ya ce mutumin bai aikata ba.

Turancin kotunan Najeriya yana da irin wannan rami nasa, kuma ni ma na taɓa faɗawa. A farkon aikina na fassara *discharged* da "an wanke shi", aka buga, washegari wani lauya ya kira ya tambaye ni cikin ladabi mai ciwo ko ni ne alƙalin da ya ƙara hukuncin. *Discharge* sallama ce. *Acquittal* ita ce wankewa. Shi ya sa lauya ba ya sakin jiki sai ya ji kalmomin biyu tare, *discharged and acquitted*, wato an sallame shi an kuma wanke shi. Haka Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Legas ta yi wa Manjo Hamza Al-Mustapha a Yulin 2013 bayan hukuncin kisan da aka yanke masa a 2012, haka kuma Babbar Kotun Kaduna ta yi wa Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa a Yulin 2021. Sashe na 36(9) na Kundin Tsarin Mulki ya hana a sake yi wa wanda aka wanke shari'a a kan wannan laifin, sai da umarnin kotun da ke sama. Wanda aka sallama kawai ba shi da wannan garkuwa.

Sauran 'yan gidan: *struck out* cire ƙara ne daga jerin shari'o'i, galibi saboda mai ƙara bai zo ba ko an shigar da ita ba bisa ƙa'ida ba, kuma ana iya dawo da ita. *Dismissed* korar ƙara ce, ta fi nauyi, amma ka duba ko an kore ta ne bayan an auna hujjoji ko a kan wata ƙa'ida. *Nolle prosequi* kuwa janye ƙara ce da Babban Lauyan Gwamnati ke yi da ikon da sashe na 174 ya ba na tarayya, na 211 ya ba na jiha. Sakamakonta sallama ce. A Amurka za ka ga *dismissed with prejudice* da *without prejudice*: na farko an rufe ƙofa, na biyu an bar ta a buɗe. Kalmar *prejudice* a nan ba ta da alaƙa da son zuciya ko wariya, kuma na'urar fassara kusan kullum nan take karkata.

Ga 'yan'uwa na Nijar da suka fi sabawa da Faransanci, *non-lieu* shi ne ɗan'uwan *sobreseimiento*, *relaxe* da *acquittement* kuma duka wankewa ne, bambancinsu irin kotun da ta yanke.

Gargaɗi: a Ingila akwai *absolute discharge*. Jin sunan sai ka ɗauka cikakkiyar wankewa ce. A'a. An samu mutum da laifi, sai dai kotu ta ga babu buƙatar hukunta shi. Ka rubuta: an same shi da laifi amma an sallame shi ba tare da hukunci ba.

5. Nemo dalilin wankewar, amma kada ka ƙara wa kotu magana

Kotun Ingila ko Amurka ba ta cewa *innocent*, *not guilty* take cewa. Masu taya alƙali yanke hukunci a Sifaniya ma *no culpable* suke cewa. Abin da kotu ke bayyanawa shi ne ba a tabbatar da laifin ba, kuma tunda doka ta ɗauki kowa marar laifi har sai an tabbatar, kamar yadda sashe na 24 na tsarin mulkin Sifaniya na 1978 da sashe na 36(5) na namu suka tanada, mutum ya koma matsayinsa na asali. "Ba a same shi da laifi ba" ita ce fassarar da ba ta da ƙura. "Kotu ta tabbatar bai aikata ba" magana ce dabam, kada ka rubuta ta sai ka gan ta a cikin hukuncin da idonka.

A shari'ar Alves, alƙalan sun ce hujjojin ba su kai su rushe wannan matsayi na asali ba, suka kuma fayyace cewa hakan ba ya nufin labarin da ɓangaren kariya ya bayar shi ne gaskiya. Sandro Rosell, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwallon Barcelona, ya yi kusan wata 21 a tsare kafin a gama shari'arsa, a Afrilun 2019 aka wanke shi bisa ƙa'idar *in dubio pro reo*, wato in akwai shakka a rinjayar da ita ga wanda ake tuhuma. Malaman fiƙihu za su ji wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce, domin su ma suna cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha.

Sai *eximente*, dalilin da ke sauke alhaki ko da an aikata abin, kamar kare kai ko taɓin hankali. Wanda aka wanke saboda taɓin hankali ana iya tura shi asibitin mahaukata a tsare. In ka ce wa iyalinsa an wanke shi ba ka ƙara komai ba, za su shirya tarbarsa a banza.

Gargaɗi: wankewa daga laifi ba ta hana ƙarar neman diyya. An wanke O.J. Simpson, tsohon ɗan wasan Amurka, daga tuhumar kisa a 1995, amma a 1997 wata kotun ta ɗora masa alhakin mutuwar ta umarce shi ya biya dala miliyan 33.5. Kalmar da ake amfani da ita a irin wannan shari'a *liable* ce, ka ce an ɗora masa alhaki, kada ka ce an same shi da laifi. A Sifaniyanci ma *absolver al demandado* a ƙarar bashi ko kwangila na nufin kotu ta ƙi amincewa da buƙatar mai ƙara.

6. Tabbatar ko hukuncin ya zauna

Nemi kalmar *firme*. *Sentencia firme* hukunci ne da ba sauran ɗaukaka ƙara a kansa. In ka ga *contra esta sentencia cabe recurso*, to akwai sauran tafiya, kuma a shari'o'i da dama kwana 10 ake bayarwa. A Amurka gwamnati ba ta ɗaukaka ƙara kan wanda aka wanke, amma a Sifaniya da Najeriya tana iyawa. A Sifaniya ma wanda aka yi wa laifin yana iya tsayawa da lauyansa a matsayin mai gabatar da ƙara, abin da suke kira *acusación particular*. A shari'ar cinikin Neymar daga Santos zuwa Barcelona, lauyoyin gwamnati sun janye tuhumarsu ana tsakiyar zama a Oktoban 2022, wasu suka yi ta yaɗa cewa an wanke shi, alhali kamfanin Brazil da ya kawo ƙarar bai janye ba. Sai a Disamba kotu ta wanke shi da sauran.

In kotun sama ce ta yi magana, za ka ga *revocar*, *anular* ko *casar* a Sifaniyanci, *quash*, *overturn*, *set aside* ko *vacate* a Turanci. Dukkansu soke hukunci ne. Abin dubawa shi ne me ya biyo bayan sokewar. A Mayun 2020 Kotun Ƙolin Najeriya ta soke shari'ar da aka ɗaure Orji Uzor Kalu shekara 12 a cikinta, saboda alƙalin da ya yanke hukuncin an riga an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta kuma ce a sake shari'a. Wannan sokewa ce da umarnin sake zama. Babu wankewa a ciki.

7. Kada ka haɗa afuwa da wankewa

Afuwa tana zuwa ne bayan an samu mutum da laifi, kuma daga gwamnati take fitowa. *Indulto* shi ne *pardon*. A Sifaniya majalisar ministoci ke yanke shawara, sarki ya sa hannu, a ƙarƙashin wata doka ta 1870 da har yau ake aiki da ita. Yana ɗauke hukunci, duka ko wani ɓangare, amma laifin yana nan a rubuce. A Yunin 2021 gwamnatin Pedro Sánchez ta yi wa jagororin 'yan awaren Kataloniya 9 afuwa, cikinsu har da Oriol Junqueras mai ɗaurin shekara 13. An yafe musu zaman kurkuku, aka bar musu haramcin riƙe muƙami. *Amnistía* kuwa, irin wadda majalisar dokokin ƙasar ta zartar a 2024, doka ce da ke shafe alhakin laifin ga rukunin mutane. A Hausa nakan ce afuwa ga *indulto*, dokar afuwa ta bai-ɗaya ga *amnistía*.

A gida, sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa ikon afuwa, na 212 ya ba gwamna. Abin da aka yi wa Joshua Dariye da Jolly Nyame a Afrilun 2022 ke nan. *Commutation* sassauta hukunci ne, kamar mayar da kisa ɗaurin rai-da-rai.

Gargaɗi ga masu labaran ƙwallo: rashin shiga kurkuku ba wankewa ba ne. A Sifaniya ana iya dakatar da ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ga wanda bai taɓa laifi ba. An samu Messi da laifin ƙin biyan haraji a 2016, aka yanke masa wata 21, daga baya aka mayar da ɗaurin tara. Cristiano Ronaldo ya amsa laifi a Janairun 2019 ta hanyar sulhu da masu gabatar da ƙara, abin da suke kira *conformidad*, ya biya kusan yuro miliyan 19. Dukkansu *condenados* ne, wato waɗanda aka samu da laifi. Wanda aka wanke a irin wannan tuhuma shi ne Xabi Alonso, wanda ya ƙi sulhu ya tsaya aka yi shari'a. Su ma *libertad provisional* da *libertad con cargos* ba wankewa ba ne: saki ne ana ci gaba da tuhuma, kusa da abin da muke kira beli.

8. Kalmomin da ba na kotu ba

Waɗannan sun fi sauƙi, amma suna da ƙaya. *Exonerate* da *clear* su ne ake amfani da su in kwamiti ko hukumar bincike ta ce ba ta ga laifin mutum ba. Wanke ta dace, muddin ka faɗi wanda ya wanke: kwamitin majalisa ya wanke shi daga zargi. A Amurka *exonerated* na da wani nauyi na musamman, ana faɗinta ga wanda aka ɗaure bisa kuskure daga baya gaskiya ta fito, kamar matasa biyar na shari'ar Central Park a New York da aka soke hukuncinsu a 2002. *Vindicated* kuwa ba hukunci ba ne, ji ne na wanda lokaci ya gaskata. Hausa tana da abin da ya fi ta daɗi: gaskiya ta yi halinta.

A Sifaniyanci *exculpar* sauke zargi ne, kuma shaida ma yana iya yi, ba sai alƙali ba. *Disculpar* uzuri ne kawai, irin na wanda ya taka maka ƙafa a mota. *Exonerar* tana da fuska uku: sauke alhaki, yafe biyan haraji ko kuɗin makaranta, kuma a wasu ƙasashen Kudancin Amurka har sauke mutum daga muƙami. A Peru za ka ga ofishi ya rubuta *absolver consultas*, ma'anarsa amsa tambayoyi, ba wanda ake tuhuma. Turanci ma yana da *he acquitted himself well*, wato ya taka rawar gani.

*Absolución* ta coci, wadda fada ke furtawa bayan mutum ya yi iƙirarin zunubansa, gafarar zunubi ce. Lura da juyin da ke nan: a kotu ana yi wa wanda ba a samu da laifi ba, a coci kuma sai wanda ya amsa laifinsa. Kalma ɗaya, hanya biyu masu bayan juna. In kana neman kalmar Hausa mai nauyin addini ga wanda aka yi wa ƙazafi aka tsarkake sunansa, akwai barrantarwa, wadda malamai ke amfani da ita wajen ba da labarin Nana A'isha a tafsirin Suratun Nur. Ba na sa ta a labarin kotu, domin tana da'awar fiye da abin da alƙali ya faɗa.

9. Rubuta jimlar Hausa, ka gwada ta

Jimlar da ta cika tana ɗauke da abu huɗu: wace kotu ko hukuma, me ta yi, a kan wace tuhuma, kuma akwai sauran ɗaukaka ƙara ko babu. Misali: "Babbar kotun Kataloniya ta soke hukuncin da aka yi wa Dani Alves, ta wanke shi daga tuhumar fyaɗe saboda hujjojin ba su isa ba, masu gabatar da ƙara kuma sun ce za su tafi Kotun Ƙoli." Ta fi kanun labari tsawo, amma ba wanda zai kira ka washegari.

Gwajin da nake yi shi ne in karanta wa wani da bai ga asalin ba, in tambaye shi, "Za a iya sake kama mutumin nan a kan wannan magana?" In amsarsa ta saɓa da abin da takardar ta ce, na koma na gyara.

10. In takardar ta ɗan'uwanka ce

Fassara ba ita ce ƙarshen aikin ba. Ka ce ya nemi lauyansa ya karɓo masa kwafin hukuncin mai hatimin kotu da ke nuna ya zama *firme*. Wanda aka wanke ba ya da *antecedentes penales*, wato tarihin laifi, a kan wannan shari'ar, kuma takardar shaidar hakan daga ma'aikatar shari'a ba ta kai yuro 5 ba. Amma bayanan kamun da ke wurin 'yan sanda, *antecedentes policiales*, ba sa gogewa da kansu. Sai an rubuta an nemi a share su, an haɗa da kwafin hukuncin, in ba haka ba suna iya tasowa ranar da ya je sabunta takardar zama. In ya yi zaman tsare kafin a wanke shi, sashe na 294 na dokar tsarin kotuna ya ba shi damar neman diyya, kuma wa'adin nema shekara 1 ne. Ka kuma tuna masa cewa duk wanda ake tuhuma a Sifaniya kuma ba ya jin yaren yana da haƙƙin tafinta kyauta, tare da fassarar muhimman takardu, ciki har da hukuncin. Ya nema a rubuce ta hannun lauya, ya ambaci harshen da ya fi ji, kada kunya ta sa ya ce yana jin Turanci alhali na kasuwa kawai ya iya.